Katin tara maki na jiragen sama: wanne ya dace da matafiyin Kano, Abuja da Yamai?

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou ta ƙasar Sin, da hajiyar da ba ta fashin Umara a goman ƙarshe na azumi, da uban da ke kai ɗa karatu Alƙahira, duk kuɗi mai yawa suke zuba wa kamfanonin jiragen sama. Da yawansu ba su da katin tara maki ko ɗaya, wato katin da kamfani ke zuba maka maki a kai idan ka hau jirginsa. Wasu kuma suna da huɗu ko biyar, kowanne da ɗan abin da bai isa sayen komai ba, har wa'adinsa ya cika ya ƙone. Rajista kyauta ce a kowane kamfani, don haka ba ita ce matsalar ba. Tambayar ita ce a wane kati ɗaya za ka riƙa zuba tafiye-tafiyenka.

Zan kwatanta guda biyar da jiragensu ke hidima a yankinmu: ShebaMiles na Ethiopian, EgyptAir Plus, Miles&Smiles na Turkish Airlines, Privilege Club na Qatar Airways, da AlFursan na Saudia. Skywards na Emirates zai samu 'yan layuka daga baya.

Abin da za a auna su da shi

Hanya ce farko. Katin kamfanin da ba ya tashi daga garinku, ko ba ya zuwa inda kake zuwa, ado ne kawai a cikin waya. Mutumin Kano da zai biya jirgin cikin gida zuwa Legas, ya biya awon kayansa sau biyu, don kawai ya hau jirgin da yake da katinsa, ya riga ya kashe fiye da abin da makin zai dawo masa da shi.

Sai ƙawance. Manyan kamfanonin duniya sun kasu rukuni uku: Star Alliance da aka kafa a 1997, oneworld a 1999, da SkyTeam a 2000. Turkish da EgyptAir sun shiga Star Alliance a 2008, Ethiopian ta bi su a 2011. Saudia ta shiga SkyTeam a 2012, Qatar kuma ta shiga oneworld a 2013. Amfanin sanin wannan shi ne kati ɗaya yana aiki a jiragen duk 'yan rukuninsu. Kana iya hawa EgyptAir ka ba da lambar ShebaMiles, ko ka hau Ethiopian ka ba da ta Turkish. Uku daga cikin katunan nan biyar 'yan gida ɗaya ne, saboda haka riƙe su duka raba ƙarfi ne.

Na uku shi ne wanda ya fi rikita mutane: maki iri biyu ne. Akwai na kashewa, wanda ake sayen tikiti da shi ko a ɗaga kujera daga ɓangaren gama-gari zuwa na manya. Akwai kuma na matsayi, wanda ba a sayen komai da shi, ana ƙirga shi ne cikin wata 12 a ga ko ka kai matakin azurfa ko na zinare. Ƙarin jaka kyauta, shiga zauren hutu, da layin awo na musamman duk daga matsayi suke fitowa. A ganina, ga mai ɗauko kaya, matsayi ya fi tikitin kyauta daraja nesa ba kusa ba, domin jaka ɗaya mai kilo 23 a kowace dawowa kuɗi ne da kake ganinsu a hannu.

Sannan akwai harafin tikiti. Kowane tikiti yana da harafi guda da ke nuna ajin farashinsa, ko da kuwa kujerun iri ɗaya ne. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a ba shi makin dukan nisan tafiyar, ɗayan a ba shi rabi ko rubu'i, wani ma a hana shi gaba ɗaya saboda tikitinsa na rangwame ne ko na ayari. Ejan ba zai faɗa maka harafin ba sai ka tambaye shi.

Ragowar ma'aunan su ne tsawon ran maki, sauƙin kashe su, da haɗarin kamfani ya canza doka ko ya janye jirginsa.

Ɗan lissafi kafin a shiga

Daga Kano zuwa Addis Ababa kusan mil 2,100 ne, daga Addis zuwa Guangzhou kusan 5,000. Zuwa da dawowa ya kama wajen 14,000. Umara ta hanyar Addis ba ta wuce 6,000 zuwa da dawowa, ta Alƙahira wajen 5,400, jirgin da ya miƙe daga Kano zuwa Jidda kuwa 4,200 da 'yan kai. Matakin azurfa a yawancin kamfanoni yana farawa ne daga wajen 25,000 a shekara. Ke nan mai Umara sau ɗaya a shekara ba zai taɓa hango shi ba, ko da an ba shi cikakken maki, shi kuwa ɗan kasuwar Sin tafiya biyu masu cikakken maki sun kai shi. Wannan lissafin kaɗai ya raba masu karatu gida biyu, kuma shawarar da ta dace da ɗaya ba ta dace da ɗayan ba.

ShebaMiles

Ƙarfinsa hanya. Ethiopian tana sauka a Kano, Abuja, Legas da Inugu, tana zuwa Yamai, Njamena da Akara. Daga Addis kuma akwai Guangzhou, Shanghai, Dubai, Jidda, Madina, Mumbai da Delhi, wato kusan duk inda fatauci, ibada da neman magani ke kai mutanenmu. A ɓangaren gama-gari tana ba da jaka biyu masu kilo 23 kowacce. Idan jiran canjin jirgi ya kai awa 8 zuwa 24 kuma babu wani jirgin da ya fi kusa, kamfanin kan ba da masauki a Addis.

Matakansa huɗu ne. Azurfa tana neman mil 25,000 a shekara, zinare 50,000, na ƙoli 100,000. Abin da nake yaba masa shi ne azurfarsa tana da amfani na gaske a jiragen Ethiopian, domin tana zuwa da ƙarin kaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don azurfar Star Alliance ita kaɗai, idan ka hau jirgin wani kamfanin, ba ta ba ka komai sai fifiko a jerin masu jiran kujera. Sai ka kai zinare ake buɗe maka zauren hutu kai da baƙo ɗaya, a ƙara maka jaka, a duk jiragen rukunin.

Rauninsa: filin jirgin Bole na Addis yana cika maƙil a lokutan da jirage ke haɗuwa, safe da dare, kuma tikitin da aka fi rangwanta wa yana ba da maki kaɗan. Wanda ke samun rabin maki a hanyar Guangzhou zai buƙaci tafiya bakwai ko takwas kafin zinare, maimakon huɗu. Makin kashewa kuma yana da wa'adi, sai ka riƙa leƙa asusunka.

EgyptAir Plus

Jirginsa yana tashi daga Kano, Abuja da Legas zuwa Alƙahira, daga nan Jidda da Madina tafiyar wajen awa biyu ce. Ga ɗalibai, masu zuwa asibiti, da masu sarin kaya a Masar, babu hanyar da ta fi wannan miƙewa. Ba a raba giya a jiragensa, abin da iyalai da yawa ke sa wa a ma'auni.

Abin da ya bambanta katin shi ne asusun iyali, inda ake tattara makin miji da mata da 'ya'ya wuri guda. Gidan da ke tafiya mutum biyar lokaci ɗaya zai ga bambanci, domin maki 5,000 a hannun kowane ɗaya daga cikin mutum biyar ba sa sayen komai, amma 25,000 a asusu ɗaya sun fara zama abin magana. Ban da wannan, ba na ganin dalilin da zai sa wanda ba Alƙahira ce alƙiblarsa ba ya fifita shi a kan sauran 'yan Star Alliance biyu.

Miles&Smiles

Nan ne lissafi ya fi daɗi. Matakin da suke kira Elite yana neman mil 40,000 cikin wata 12, kuma shi ne daidai da zinaren Star Alliance. Ƙasa da na Ethiopian ke nan da 10,000. Idan ka samu, shekara biyu yake yi a hannunka, sabunta shi kuma ya fi samunsa na farko sauƙi ga wanda ba a Turkiyya yake zaune ba. Tunda tafiya a Ethiopian da EgyptAir ma tana shiga lissafin, ɗan kasuwar da ke zuwa Guangzhou sau uku a shekara da tikiti mai cikakken maki zai iya kai wa zinare da katin Turkish, alhali da ShebaMiles sai ya ƙara ta huɗu.

Sai dai a yi hattara da abu uku. Kowane kati yana da nasa jadawalin yadda yake lissafa haruffan abokan ƙawancensa, don haka harafin da ShebaMiles ke ba rabin maki, Turkish na iya ba shi ƙasa da haka ko ta hana. Kafin ka yanke shawara, ɗauko tsofaffin tikitocinka, ka ga haruffan da ejan ya saba yankar maka, ka gwada su da jadawalin. Abu na biyu, matakin tsakiya na Classic Plus, mai mil 25,000, yawancin amfaninsa a cikin Turkiyya yake, don haka idan ba za ka kai 40,000 ba, azurfar Ethiopian ta fi maka. Na uku, makin kashewa yana mutuwa bayan shekara uku ko kana tafiya ko ba ka yi, kuma a farkon 2024 kamfanin ya ƙara yawan makin da ake buƙata don tikitin kyauta ƙari mai tsanani. Waɗanda suka daɗe suna tari sun wayi gari abin hannunsu ya ragu da daraja.

Turkish tana zuwa Abuja, Legas, Yamai da Njamena. Daga Istanbul kusan babu babban birnin Turai da ba ta sauka. Tana da shirin zagaya gari kyauta ga mai jiran awa 6 zuwa 24, da otal kyauta ga mai doguwar yada zango, amma duka biyun sai da bizar shiga Turkiyya, wadda mai fasfon Najeriya dole ya nema tun daga gida.

Privilege Club

Qatar ta fara zuwa Kano ta Abuja a watan Maris na 2022, a watan ne kuma ta mayar da makinta zuwa Avios, irin wanda British Airways da Iberia ke amfani da shi. Ana iya tura Avios daga asusun ɗaya zuwa na ɗayan ba tare da ragi ba, idan dai sunan mai asusun ɗaya ne. Ga wanda ke zuwa Landan wani lokaci, Doha ko Malesiya wani lokaci, wannan sassauci ne babba. Royal Air Maroc ma, wadda ke zuwa Yamai da Legas, ta shiga oneworld a 2020.

Babban abin da ya ɗaga wannan katin a idona shi ne Avios ba sa mutuwa muddin asusun ya motsa, da shiga ko da fita, ko sau ɗaya cikin wata 36. Mai tafiya ɗaya a shekara zai iya tari a hankali ba tare da fargabar ƙonewa ba. Akwai asusun iyali, akwai kuma shiri na musamman ga ɗalibai mai rangwame da ƙarin kaya. Matsayi ana auna shi ne da wasu maki daban da suke kira Qpoints: 150 azurfa, 300 zinare, 600 na ƙoli, duk cikin wata 12.

Farashi ne cikas. Sau da yawa tikitin Qatar ya fi na Ethiopian da EgyptAir tsada, kuma ga mai Umara hanyar zagaye ce, domin sai jirgi ya ratsa Saudiyya ya kai Doha a gabas, sannan a dawo yamma zuwa Jidda. Filin jirgin Hamad na Doha wuri ne mai daɗin jira, amma tsoho mai ciwon ƙafa ba daɗin fili yake nema ba, isa yake nema.

AlFursan

Fa'idarsa ɗaya ce kuma mai nauyi: jirgin Saudia yana miƙewa daga Kano zuwa ƙasa mai tsarki ba canji. Amma miƙewar nan ita ke rage makin, tunda gajeriyar hanya ce. Katin yana aiki a Kenya Airways, KLM, Air France da China Eastern. Zai yi wa mazauna Saudiyya amfani, da masu kamfanonin jirgin yawo da ke raka alhazai sau da yawa a shekara. Tun 2023 Saudiyya ta buɗe bizar yada zango ta awa 96 ga fasinjojin Saudia da flynas, wadda ake iya Umara da ita, sai dai tana da sharuɗɗa gwargwadon fasfo da inda za ka wuce.

A nan ya kamata in tsaya in faɗi abin da maniyyata ke yawan tambaya. Jiragen da hukumar alhazai ta NAHCON ke ɗauka don jigilar Hajji shata ne, kuma galibi tafiyar shata ba ta ba da maki, ko da kana da katin kamfanin.

Skywards a taƙaice

Emirates ba ta cikin kowane rukuni, katinta tana raba shi ne da flydubai. Ta dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗinta da suka maƙale, ba ta dawo ba sai 1 ga Oktoba, 2024, a Legas. Makinta kuwa shekara uku yake yi. Wanda ya tara komai a can ya yi kusan shekara biyu yana kallon wa'adi na tafiya, ba jirgin hawa daga gida. Ga ɗan Arewa mai zuwa Dubai, Ethiopian ko EgyptAir ko Qatar za su kai shi daga Kano.

| Kati | Rukuni | Matakin zinare | Ran makin kashewa | Inda ya fi ƙarfi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| ShebaMiles | Star Alliance | mil 50,000 | yana da wa'adi | Sin, Indiya, Dubai, cikin Afirka | tikitin araha, maki kaɗan |
| EgyptAir Plus | Star Alliance | mataki-mataki, bayan azurfa | yana da wa'adi | Alƙahira, Jidda, Madina | amfaninsa ya tattaru a hanya ɗaya |
| Miles&Smiles | Star Alliance | mil 40,000, na shekara 2 | shekara 3 | Turai, saurin kai wa zinare | canjin farashin maki |
| Privilege Club | oneworld | Qpoints 300 | ba ya mutuwa in asusu na motsi | Doha, Asiya, Landan | tsadar tikiti |
| AlFursan | SkyTeam | sai mai yawan zuwa Saudiyya | yana da wa'adi | Jidda da Madina kai tsaye | gajeriyar hanya, tari a hankali |

Tikitin kyauta ba kyauta ba ne gaba ɗaya

Maki yana biyan kuɗin kujera ne kawai. Harajin filayen jirgi da ƙarin kuɗin da kamfani ke ɗorawa da sunan mai, da kuɗi za ka biya su, wani lokaci kuma su ne kaso mai tsoka na farashin. Kujerun maki kuma ƙididdigaggu ne a kowane jirgi. A goman ƙarshe na azumi, ko lokacin baje kolin Canton a Guangzhou, wato Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, samunsu sai wanda ya nema tun watanni kafin lokacin. Shi ya sa nake ganin ɗaga kujera a doguwar tafiya, ko sayen ƙarin kaya inda kamfani ya yarda, ya fi jiran tikitin da ba lallai a samu ba.

Halin kasuwarmu ma yana shiga ciki. A tsakiyar 2023 kuɗin kamfanonin waje da suka maƙale a Najeriya sun kai wajen dala miliyan 850, a cewar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, kuma a lokacin kamfanoni da yawa sun rufe ajin tikitoci masu araha ga masu saye da naira. An biya mafi yawan kuɗin a 2024. Darasin da na ɗauka shi ne maki ba ajiyar banki ba ne: kamfani ke yanke darajarsa, yana kuma iya canza ta ba tare da ya shawarce ka ba. Da zarar ya isa yin wani abu mai amfani, kashe shi.

Akwai ƙananan abubuwa da ke cinye wa mutane maki a banza. Sunan da ke kan kati dole ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi, kuma mu masu Muhammad da Mohammed da Muhammadu mun fi kowa faɗawa wannan ramin. Ka buɗe asusun da kanka, da lambar wayarka da imel ɗinka, kada ka bar wa ejan, don wanda ke riƙe da kalmar sirri shi ke da makin. Ka tabbatar lambarka ta fito a takardar shiga jirgi, ka kuma adana takardar har makin ya shigo, domin da ita ake neman wanda bai shiga ba, cikin 'yan watannin da kamfani ya ware. Masu tallan tikitin manya da rabin kuɗi a WhatsApp, suna cewa da maki suka saya, ka guje su. Sayar da maki ya saɓa dokar kusan kowane kamfani, ana iya soke tikitin kana tsaye a wurin awo.

Wa ya dace da wanne

Alhaji mai zuwa Sin sau biyu a shekara daga Kano, ShebaMiles ne naka, don azurfarsa za ta fara ba ka ƙarin jaka tun kafin ka kai zinare. Idan tafiyar ta kai uku zuwa sama, kuma haruffan tikitocinka suna samun maki mai kyau a jadawalin Turkish, koma Miles&Smiles ka riƙa ba da lambarsa ko a jirgin Ethiopian ne. Haka ma mazaunin Abuja ko Yamai mai yawan zuwa Turai.

Hajiya mai Umara sau ɗaya a shekara, kada ki ƙara ko naira ɗaya a kan tikiti saboda maki. Ki zaɓi jirgin da ya fi miki sauƙi da araha, ki ba da lambar katin rukuninsa, shi ke nan. Idan da iyali kuke tafiya ta Alƙahira, ku buɗe asusun iyali na EgyptAir Plus. Idan Qatar kuka saba hawa, Avios za su jira ku shekara da shekaru.

Ɗalibi mai karatu a Malesiya ko Ingila ya duba shirin ɗalibai na Qatar, na Masar kuma EgyptAir Plus. Mai raka alhazai ta jirgin yawo da mazaunin Jidda ko Riyad su riƙe AlFursan. Wanda tafiyarsa ba ta da tsayayyar hanya, yau gabas gobe yamma, kati biyu sun ishe shi: ɗaya daga Star Alliance, wanda zai yi masa aiki a Ethiopian, EgyptAir da Turkish, sai Privilege Club don Qatar, British Airways da Royal Air Maroc.